Kowace Ƙafa da Nata Taku: Tarihin Auna Mutum da Kekensa

A cikin dukan motsin da ɗan Adam yake yi da jikinsa, da wuya a sami wanda aka ɗaure shi tamau kamar tuƙa keke. Mai tafiya ƙasa yana iya tsawaita taku ko ya gajarta shi, manomi yana iya ɗaga fartanya sama sosai ko ya sassauta, amma wanda ya ɗora ƙafa a kan feda ba shi da zaɓi. Ƙarfe ya riga ya zana masa da'irar da zai bi, faɗinta bai wuce santimita 34 ko 35 ba, kuma ko sarki ne ba zai fita daga cikinta ba. Mazaunai suna kan sirdi, hannuwa sun riƙe kan keke, ƙafa tana zagaye wuri ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da maƙeran keke da masu horar da 'yan tsere da likitocin wasanni suka shafe fiye da shekara 100 suna ganin cewa tunda da'irar ɗaya ce, to lallai madaidaiciyar hanyar taka ta ma ɗaya ce, duk wanda ya saɓa mata kuwa gyara yake bukata. Ni dai ina ganin tarihin wannan sana'a ta daidaita mutum da kekensa ya ƙaryata wannan zato tun da daɗewa. Zaton ya fito ne daga masana'anta da takardar lissafi, jiki kuwa bai taɓa amincewa da shi ba, sai dai an daɗe ba a saurare shi ba.

A farkon al'amari ma keke ne yake bin jikin mutum. Wanda Bajamushe Karl Drais ya fito da shi a Mannheim a 1817 ba shi da feda ko kaɗan, da ƙafa ake tura ƙasa. Sai a shekarun 1860 maƙeran birnin Paris, irin su Pierre Michaux da Pierre Lallement, suka maƙala feda a cibiyar tayar gaba, ta yadda in ƙafa ta zagaya sau ɗaya, taya ma ta zagaya sau ɗaya. Mai son gudu ba shi da wata dabara sai ya ƙara girman tayar. Shi ya sa a shekarun 1870 aka wayi gari a Ingila da wani keke mai ƙatuwar tayar gaba da 'yar mitsitsiyar ta baya, mahayinsa yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi. To amma girman tayar yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce tsawon ƙafar mai keken, domin dole ta kai ga feda idan ta sauka ƙasa. Don haka mai sayen keke a wancan zamani sai an auna shi tukuna, kamar yadda tela yake auna wanda ya kawo ɗinkin wando. Gajere ya tashi da taya mai inci 48 ko 50, dogo ya kai 56, wani ma har 60. Keken wani ba ya yi wa wani, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin aibu. Har yau a Ingila da Amurka da inci ake lissafin nauyin giyar keke, wato girman tayar da za ta yi daidai da ita a irin wancan tsohon keke.

Abin ya juya a 1885, lokacin da John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da keken Rover, mai tayoyi kusan kai ɗaya da sarƙa mai jan tayar baya. Bayan shekara 3 John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska a Belfast. Sarƙa ta raba gudun keke da tsawon ƙafar mahayi, kuma wannan alheri ne babba da bai kamata a raina ba: keke ya sauko kusa da ƙasa, ya rage kisa da karaya, ya yi araha, mata da dattawa suka hau. Kamfanoni irin su Raleigh na Nottingham suka riƙa ƙera shi dubu-dubu suna lodawa a jiragen ruwa, har baƙin keken nan mai taya inci 28 da birkin ƙarfe ya zama abin hawan malamin makaranta da masinja da ɗan kasuwa a garuruwanmu. Sai dai kamfanin da ke Nottingham ba ya ganin mai saye a Zariya ko Maraɗi. Girman firam biyu ko uku yake yi, hannun feda tsawonsa ɗaya, duk sauran bambancin da ke tsakanin jikin bayin Allah an bar wa bututun sirdi da noti guda. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar firam, ya rataye a gefe, ƙugu a karkace, keken ya jingina can shi ya jingina nan, yana taka rabin zagaye yana komowa, ya ga sabon tsarin ƙuru-ƙuru: yanzu ƙarfe ne a tsaye, mutum ne zai lanƙwasa.

Da aka daidaita keke, sai aka shiga neman daidaita mahayi. A ƙarshen ƙarni na 19 littattafan koyar da hawan keke a Ingila suka cika da wata koyarwa game da idon sawu. Hujjarta a takarda tana da kyau. Feda tana da wurare biyu da ƙafa ba ta da ƙarfi a kanta, can ƙoli da can ƙasa, don haka aka ce mahayi ya sauke dunduniya idan feda tana sama don ya tura ta gaba, ya miƙe yatsu idan ta kai ƙasa don ya shafo ta baya kamar kaza mai tono. Da aka ƙirƙiro maɗaurin da ke riƙe takalmi a kan feda, sai aka ƙara da cewa ƙafar da ke hawowa ma kada ta zauna banza, ta riƙa jan feda sama, domin ƙarfi ya zagaye da'irar duka ba tare da giɓi ba. Wannan tunanin injiniya ne, na mutumin da ya saba da injin tururi, yake kallon cinya kamar fistin. Tun 1889 wani Ba'amurke, Robert Scott, ya haɗa na'urar da take zana ƙarfin da ƙafa ke sa wa feda, kuma Archibald Sharp ya kawo irin waɗannan zane-zane a littafinsa na 1896 kan ƙirar kekuna, amma awo a wancan lokaci bai isa ya ja da koyarwar ba. Ta shiga bakin masu horarwa, daga uba zuwa ɗa, musamman a Faransa da Italiya, inda laushin taku ya zama abin yabo na musamman. Hugo Koblet, ɗan Suwizalan da ya ci gasar Tour de France a 1951, kyan takunsa ne ma ya jawo masa laƙabi.

Abin da ya kamata ya tayar da shakka tun a lokacin shi ne zakarun kansu. Jacques Anquetil, Bafaranshen da ya fara cin Tour de France sau 5, a 1957 sannan daga 1961 zuwa 1964, da yatsu a tsaye yake taka feda, dunduniya a sama kusan ko'ina a da'irar, abin da littafi ya hana. Eddy Merckx na Beljiyam, wanda shi ma ya ci gasar sau 5, ya kuma tara nasarori 525 a rayuwarsa ta tsere, tafin ƙafarsa ya fi kwanciya, takunsa kuma na ƙarfi ne, kafaɗu suna motsi. Da hanya ɗaya ce daidai, da ɗaya daga cikinsu bai kai inda ya kai ba. Akwai kuma wani abu game da Merckx da masu sha'awar tsere suka sani sarai. A watan Satumba na 1969 ya yi mummunan haɗari a filin tseren Blois, inda mai babur ɗin da ke ja masa gaba ya rasu, shi kuma ƙashin ƙugunsa ya gurɗe, ciwon baya ya bi shi har ya yi ritaya. Daga nan ya zama mutumin da ba ya barin sirdinsa ya huta. Yakan ɗaga shi ko ya sauke da 'yan milimita, wani lokaci ana tsakiyar tsere. Gwarzon da ya fi kowa a tarihin wasan, da duk ƙwararrun makanikai a bayansa, bai sami lamba ɗaya da ta yi masa kullum ba, domin jikinsa na yau ba na jiya ba ne. Masu horarwa suka ga wannan duka, suka ce ai waɗannan baiwa ce ta yi musu yawa har ta rufe kurakuransu, suka ci gaba da koya wa yara abin da ke littafi.

Daga baya lissafi ya shigo don ya maye gurbin ido. A 1967 wasu masu bincike biyu a Loughborough ta Ingila, Hamley da Thomas, suka fitar da cewa tazarar da ke tsakanin saman sirdi da feda idan tana ƙasa ta zama kashi 109 cikin 100 na tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa. A shekarun 1980 kuma Ba'amurke Greg LeMond, wanda ya ci Tour de France sau 3, ya yaɗa lissafin da ya samo a hannun mai horar da shi Cyrille Guimard: a ninka tsawon ƙafa da 0.883, a auna daga cibiyar da feda ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Mai ƙafa santimita 84 zai tashi da kusan 74. Waɗannan lambobi ba shirme ba ne, sun ceci mutane da yawa daga zaman da ke cin gwiwa, kuma har gobe suna da amfani ga wanda bai san inda zai fara ba. Amma a duba abin da suka bari a waje. Mutum biyu na iya zama tsawon ƙafarsu ɗaya, wannan cinyarsa ce doguwa, wancan ƙwaurinsa. Wani takalminsa lamba 40, wani 46. Wani irin Anquetil ne, yatsu a tsaye, wanda hakan ke ƙara wa ƙafarsa tsayi a ƙasan da'ira, wani kuma dunduniya yake saukewa. Lamba ɗaya za ta ba su sirdi ɗaya, gwiwoyinsu kuma su lanƙwashe daban-daban. Ita kanta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da ta kafa dokar cewa hancin sirdi ya kasance aƙalla santimita 5 a bayan cibiyar feda, dole ta buɗe ƙofar rangwame ga waɗanda ƙirar jikinsu ba ta yarda da dokar ba.

Duk wannan daga waje ake kallo. Leƙawa cikin tsoka kuwa ya samo asali tun daga Luigi Galvani na Bologna, wanda ya nuna a 1791 cewa lantarki yana motsa ƙafar kwaɗo. A farkon ƙarni na 20 aka iya ɗauko ɗan siririn lantarkin da tsokar mutum ke fitarwa idan jijiya ta ba ta umarni, ta hanyar liƙa ƙananan faifai a kan fata. A 1959 Houtz da Fischer suka gwada wannan na'ura a kan masu taka keken motsa jiki, daga nan aka fara zana taswirar wace tsoka ce ke tashi a wane ɓangare na da'ira. A 1986 Mats Ericson na Suwidin da abokan aikinsa suka lissafa cewa tsokokin da ke miƙe gwiwa suna ɗauke da kusan kashi 39 cikin 100 na aikin, masu miƙe ƙugu kashi 27, na sha-raɓa kashi 20. Daga irin wannan aiki aka samo hoton nan da ake liƙawa a ɗakunan motsa jiki, da'ira mai launi-launi kamar fuskar agogo, kowace tsoka da yankinta. A nan ne, a ganina, babban kuskuren ya yi saiwa. Binciken Ericson a kan mutum 6 aka yi shi, kuma al'adar masu bincike ita ce su tara sakamakon kowa su raba, su buga layi ɗaya. Tela ne ya auna mutum 6, ya haɗa awon ya raba 6, ya ɗinka wando guda. Wandon yana faɗin gaskiya game da taron, amma mai yiwuwa ne babu ko ɗaya a cikinsu da zai sa shi ya fita. Masu binciken sun san haka, masu horarwa da masu tallan kaya ne suka ɗauki matsakaicin taro suka mai da shi farillar kowa.

Me ya sa jiki zai bambanta a aikin da ƙarfe ya riga ya tsara? Domin tsokokin da ke ƙafa sun fi yawan abin da aikin yake bukata. Wasu gaɓa ɗaya kawai suke tsallakewa, kamar manyan tsokokin gaban cinya biyu da ke gefen gwiwa, da tsokar mazaunai. Wasu kuma gaɓa biyu suke tsallakewa: akwai wadda ta taso daga ƙugu ta bi gaban cinya ta wuce gwiwa, akwai na bayan cinya da su ma suka haɗa ƙugu da gwiwa, akwai ta saman sha-raɓa da ta taso daga bayan gwiwa ta ƙare a agara. Tun 1903 Ba'amurke Warren Lombard ya lura cewa idan mutum zai tashi daga kujera, tsokar gaban cinya da ta bayanta, waɗanda ake ɗauka kishiyoyin juna ne, tare suke ɗaurewa, kuma duk da haka mutum ya miƙe. Daga baya Gerrit Jan van Ingen Schenau na Holan ya yi bayanin cewa masu gaɓa ɗaya su ne suka fi samar da ƙarfi, masu gaɓa biyu kuma su suke juya akalarsa, suna ɗauke shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tunda haka ne, akwai hanyoyi barkatai da za a raba aikin a tsakaninsu feda ta ji nauyi iri ɗaya. Wanda ya fara gane girman wannan al'amari shi ne Nikolai Bernstein na Rasha. A shekarun 1920 aka ɗauke shi aiki a Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Mosko, ƙarƙashin Aleksei Gastev, wanda burinsa shi ne a gano madaidaicin bugun guduma a koya wa kowane ma'aikaci. Bernstein ya ɗaura ƙananan fitilu a gaɓoɓin masu bugun yana ɗaukar hoto, sai ya tarar ko ƙwararre ba ya maimaita bugu iri ɗaya sau biyu. Kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu suna sauya rabon aiki a kowane bugu, gudumar kuwa tana sauka inda ake so. Duk wanda ya tsaya a bakin maƙera ya kalli mutum biyu suna karɓa-karɓa a kan uwar maƙera ɗaya zai fahimci maganar ba tare da fitila ba.

A kan keke, Bafaranshe François Hug da abokan aikinsa ne suka bi diddigin abin har ƙarshe. A 2004 suka gwada 'yan tseren keke 8 waɗanda sana'arsu ke nan, da na'urar lantarkin tsoka da kuma hoton maganaɗisu na asibiti. Suka tarar aikin tsoka ya bambanta sosai tsakaninsu, musamman masu tsallake gaɓa biyu, kowa da yadda yake amfani da nasa, wani yana dogara da ɗaya ƙwarai, wani kuma da ƙyar take motsawa. A 2008 suka haɗa awon tsoka da awon ƙarfin da ke sauka a feda, suka ga ƙarfin feda yana kama da juna tsakanin mahaya fiye da yadda aikin tsoka yake kama, wato sakamako ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Sai a 2019 suka tara mutum 80, suka ɗauki lantarkin tsokoki 8 na ƙafarsu suna taka keke, suka ba kwamfuta ta koyi salon kowa. Da aka nuna mata wani zagayen feda ba tare da suna ba, ta gane mai shi fiye da sau 99 cikin 100. Masu binciken suka kira abin sa hannun tsoka, kuma sunan ya dace.

Mai ja zai fara da cewa na'ura ce ke ruɗi. Lantarkin da ake ɗauka a kan fata yana canzawa da kaurin kitse, da gumi, da ainihin inda aka liƙa faifan, don haka wataƙila kwamfutar liƙin ta gane, ba mutumin ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma da a rana ɗaya kawai aka yi gwajin da ta isa ta rushe shi. Amma an dawo da 53 daga cikin mutanen a wata ranar daban, aka sake liƙa sababbin faifai, kwamfutar ta sake gane su kusan sau 90 cikin 100. Raguwar da aka samu ita ce rabon na'ura, abin da ya rage kuwa na mutum ne. Sannan binciken 2004 ya riga ya yi amfani da hoton maganaɗisu, wanda ba ruwansa da fata ko gumi, cikin tsoka yake dubawa, shi ma bambancin ya nuna.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, shi ne wanda tsofaffin masu horarwa suke riƙe da shi. Sukan ce bambanci dai akwai shi, amma kuskure ne kowa yake yin nasa iri, kamar yadda yara 80 za su rubuta harafi ɗaya kowa da irin karkacewarsa, aikin malami kuwa shi ne ya miƙar da su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin bincike ya nuna ɗan koyo ya fi ƙwararre watsuwar aikin tsoka, zagayensa na farko ba ya kama da na biyu, horo kuma yana tsaftace wannan. Amma horo yana mai da mutum ne ga salon kansa, ba ya mai da shi ga salon maƙwabcinsa, in ba haka ba da 'yan tseren nan 8 da suka shekara da shekaru a kan sirdi sun zama abu ɗaya. Kuma da aka gwada koyarwar littafin kanta, ba ta ci jarrabawa ba. A 1991 Edward Coyle da abokansa a Texas suka kwatanta zakarun ƙasa da ƙwararrun da ke ƙasa da su a tseren kilomita 40. Zakarun ba su fi jan feda sama ba, abin da suka fi shi ne danna ta ƙasa da ƙarfi. A 2007 Thomas Korff da abokansa suka sa 'yan tsere su taka ta hanyoyi 4: yadda suka saba, da zagaye mai laushi, da dannawa ƙasa, da ja sama. Ja sama ya fi kyan zane a takarda, ƙarfi ya fi bin da'ira, amma shi ne ya fi cin numfashi a kan aiki ɗaya. Wato abin da aka shekara 100 ana tilasta wa yara yana sa mahayi ya gaji da wuri ne, domin tsokokin da ke naɗe ƙafa ƙanana ne idan aka gwada su da masu miƙe ta, kuma ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ita ma kasuwa ta koyi wannan darasi, a jikin gwiwoyin mutane. A 1984 kamfanin Look na Faransa ya fito da feda mai kama takalmi ƙam ba tare da maɗauri ba, Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985, kowa ya ruga ya saya. Na farko-farkon suna kulle ƙafa a fuska ɗaya, ba ta juyawa ko kaɗan. To amma ƙafar mutane ba ta kallon gaba sak. Wani yatsunsa waje suke kallo, wani ciki, wani kuma dunduniyarsa takan ɗan murɗa a kowane zagaye, kuma idan aka hana tafin ƙafa wannan murɗawa, gwiwa ce take biya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Time ya fito da feda mai barin ƙafa ta ɗan yi wasa hagu da dama, sauran kamfanoni suka bi, har ya zama yau yawancin irin waɗannan feda da wannan sarari ake sayar da su. Babu wanda ya zauna ya koya wa ƙafafun nan su miƙe, ƙarfen aka sassauta.

Saura ja na uku, wanda ni kaina nake ganin ya fi cancanta a kula da shi, domin daga ɓangaren masu goyon bayan maganata haɗarinsa yake fitowa. Idan kowa da salonsa, ashe ke nan babu daidai babu kuskure, kowa ya hau yadda ya ga dama? Sam. A 2010 su Hug ɗin nan suka nuna cewa a ƙarƙashin duk bambancin, ƙwararrun mahaya suna haɗa tsokokinsu rukuni 3 ne iri ɗaya, kowane rukuni da lokacinsa a da'ira. Ginshiƙin ɗaya ne, rabon aiki a cikinsa ne ya bambanta. Kuma sabo ba hujja ba ne a kan lafiya. Mutum na iya sabawa da zaman da ke cutar da shi, kamar magidancin da ya sauke sirdi ƙasa ƙwarai don ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa idan ya tsaya, ya ɗaura jarkoki 4 na ruwa a kariya, gwiwa tana hawowa kusan ƙirji a kowane zagaye. Wannan zama yana matse ƙoƙon gwiwa, kuma ciwon gaban gwiwa ne ƙarshensa ko wane irin sa hannu tsokarsa take da shi. Haka wanda ya ɗaga sirdi har ƙugunsa yana rangaji hagu da dama don ya kai feda, shi kuma bayan gwiwa ne zai yi masa magana. Shi ya sa tun shekarun 1990 likitocin wasanni suka koma auna gwiwar kanta, suka ce idan feda tana can ƙasa gwiwa ta lanƙwashe tsakanin digiri 25 da 35. A lura da kyau, tazara suka bayar mai faɗin digiri 10, ba lamba guda ba. A cikin wannan tazara ne salon kowa yake da haƙƙi, wanda ya fita daga cikinta kuwa a gyara masa.

Tseren keke yana bunƙasa a Afirka. Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987, kuma a 2024 Biniam Girmay na Eritriya ya ci zango 3 na Tour de France ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Matasanmu suna ganin wannan a waya, suna sayen kekunan tsere na gwanjo waɗanda aka daidaita wa wasu mutane a wata ƙasa, suna kwaikwayon zama da takun wanda suka gani. Kirana ga masu horar da su, da masu gyaran keke da suke kai wa ɗaurin sirdi, shi ne su fara da awo mai sauƙi: yaro ya zauna a sirdi, ya ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Daga nan a bar shi ya yi tafiya ta kwanaki, a tambaye shi inda yake jin ciwo, a tsaya a bayansa a kalli ƙugu, a tsaya a gabansa a kalli gwiwa, a motsa sirdin kaɗan-kaɗan da sifana, kada ya wuce 'yan milimita a lokaci guda. Idan ba ya jin ciwo, ƙugunsa a zaune yake, gudunsa kuma yana ƙaruwa, to a ƙyale masa dunduniyarsa inda ta ga dama ta tsaya.